Tsohuwar pikap tana harbi, tana mutuwa, tana rawa a silo: tambayoyin da aka fi yi min a Magazin

Assalamu alaikum jama'a. Ni fita ne, wato makanike, a Suame Magazin nake aiki nan Kumasi, gida kuma Aboabo. Tun ina yaro mai wanke sifana nake cikin tsofaffin pikap ɗin nan, su Hilux da Nissan Hardbody da L200 da Datsun, waɗanda har yau su ke ɗauko mana doya daga Ejura da Atebubu, su kwaso tumatir daga Akomadan. Tambayoyin da ke ƙasa kusan kullum sai an yi min su, wani a gareji, wani a ƙofar masallaci bayan isha'i, wani ma ya ɗauko ƙarar injin ya turo min a WhatsApp ya ce Masta saurara ka ji. Shi ne na ce bari in tara su wuri ɗaya. Abin da ke ci min rai shi ne mutum ya zo ya riga ya sayi kabureta har biyu, kuɗin abincin yara ya tafi, alhali wani ɗan tiyo ne ya tsage wanda bai kai kuɗin kwanon waake ba.

Masta, motata tana harbi kamar bindiga, me ke kawo haka?

Kafin in ba ka amsa sai na tambaye ka, ta ina take harbin? Ta gaba ko ta baya? Don ba ciwo ɗaya ba ne.

In ta gaba ne, wato cikin bonet ka ji "fuf" kamar ta yi atishawa ta bakin kabureta, wani lokaci har da ɗan harshen wuta, to wutar silinda ce ta dawo baya ta hanyar da mai da iska ke shiga. Yawanci mai ne ya yi kaɗan iska ta yi yawa, irin wannan haɗin a hankali yake ci, bai gama ci ba bawul ɗin shiga ya sake buɗewa sai wutar ta kama sabon man da ke tahowa. Ko kuma wutar fulogi ta zo ba a lokacinta ba, ko an sa wayoyin fulogi a karkace, ko bawul ɗin shiga ba ya rufewa ruf.

In ta baya ne, a salansa, "tau!" har masu talla su watse, wannan man da bai ƙone a silinda ba ne ya gangara cikin salansa mai zafi ya tashi a can. Ko dai wani fulogi na tsallake wuta, ko taimin, wato lokacin zuwan wutar fulogi, ya yi latti, ko mai ya yi yawa, ko salansar ta huje tana jan iska daga waje.

Sannan ka lura da lokacin da take yi. Da safe ne kafin ta yi zafi? Lokacin da ka taka totur ne, ko lokacin da ka ɗaga ƙafa? Da lodi ko ba lodi? Wallahi direban da ya zo min da waɗannan amsoshin ya rage min rabin aiki, shi ma ya rage wa aljihunsa.

An ce min kabureta ce, in je in sayo wata?

Dakata tukuna Alhaji. Kabureta ita ce marainiyar inji, kowa ya rasa abin cewa sai ya ɗora mata laifi. Ni a abin da na gani da idona, motocin da ake kawo min da sunan ciwon kabureta, mafi yawansu a wuta matsalar take ko iska ce ke satar hanya. Ga yadda nake bi, kuma haka nake koya wa yarana: wuta da farko, fulogi da waya da murfin distirbuta da kwayil da taimin. Daga nan iska, a nemo inda take shiga ba bisa ƙa'ida ba. Sai mai, filta da famfo da tanki. Sai ƙarfin matsi na silinda da bawul. In duk waɗannan sun fita lafiya, to a lokacin ne za a taɓa sukurun kabureta. Wanda ya fara da murɗa sukuru ya ɓata saitin da yake daidai, yanzu ciwo ya zama biyu, kuma ko an gyara na farkon motar ba za ta zauna ba.

Kuma asalin kaburetar da ta zo da motar, irin Aisan ta Toyota ko Hitachi ta Nissan, in aka wanke ta aka sa mata sabon kit, ta fi yawancin sababbin da ake sayarwa masu ƙyalli a kwali. Kar ka bari a karɓe maka tsohuwar a ce an yi maka canji.

Ta yaya zan duba wutar da kaina?

Kwance fulogi huɗun ka jera su yadda suke a inji, kar ka gauraya. Mai kalar ƙasa-ƙasa kamar toyayyen burodi lafiya lau. Baƙi mai gari kamar gindin tukunya, mai ya yi yawa ko wutar ba ta da ƙarfi. Fari fat, mai ya yi kaɗan, wannan ne ma mai haɗari don yana ƙona bawul. Jiƙaƙƙe da baƙin mai, ringi ne ko robar bawul. In uku sun yi kama ɗaya ya fita daban, ka san silindar da za ka bi. A injin 22R na Hilux tazarar bakin fulogi milimita 0.8 ce.

Jerin wutar waɗannan injinan masu silinda huɗu 1-3-4-2 ne. Sau da yawa bayan an wanke inji ko an canza fulogi yaro ya musanya waya biyu, mota ta kama harbi ta kabureta nan take. In harbin ya fara ne ranar da aka yi mata aiki, fara duba nan.

Masu Nissan mai injin Z24 ku kula, naku fulogi takwas ne a silinda huɗu, huɗu ɓangaren shiga huɗu ɓangaren fita, kwayil ma biyu ne. Na sha ganin an canza huɗu an bar huɗu sun shekara da shekaru ba wanda ya taɓa su.

Buɗe murfin distirbuta ka haska da tocila, in ka ga tsaga ko wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, wuta na bi ta nan tana tsallakawa silindar da ba tata ba. Da daddare kuma ka tada motar a wuri mai duhu ka buɗe bonet, in wayoyin sun mutu za ka ga shuɗin tartsatsi na wasa a jikinsu. Motar da ke lafiya da rani amma da ruwan sama ya sauka a watan Yuni sai ta fara misin, kusan kullum nan ne. Masu tsohon yayi mai kwantak da kwandansa, ku duba bakin kwantak ɗin ko ya ƙone, a Toyota tazararsa milimita 0.45.

Taimin kuwa don Allah a sa fitilar taimin. Na san da yawanmu da kunne muke yi, ni ma na yi shekaru ina yi, amma kunne na yaudara. Adadin da kamfani ya sa yana jikin takardar da ke manne cikin bonet in ba ta goge ba.

Tana rawa a silo, sitiyari har karkarwa yake, amma in na taka totur sai ta daidaita

Wannan alamar iskar sata ce. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to haka injin yake. A silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, man da ke shiga ɗan kaɗan ne, saboda haka ko ƙaramar ɓaraka ta ja iska sai haɗin ya lalace, in ka taka totur kuma mai ya yi yawa har ɓarakar ba ta wani tasiri. Inji na son iska wajen kashi 14.7 a kan kashi 1 na fetur a ma'aunin nauyi, abin da ya wuce haka sosai sai rawa.

Motocin nan sun haura shekara 30, ƙananan tiyo ɗin roba da ke kewaye da kabureta duk sun bushe da zafi, musamman waɗanda aka shigo da su daga Amurka, su tiyonsu kamar taliya. Bi su ɗaya bayan ɗaya da hannu, ka lanƙwasa bakin kowanne ka ga ko ya tsage. Saurara ko za ka ji "sssss". Duba gasket ɗin gindin kabureta da na manifol. Yadda muke yi, inji na silo sai a fesa ɗan maganin wanke kabureta a wurin da ake zargi, in ƙarar injin ta canza to nan ne. Amma a yi da inji mai sanyi-sanyi, kaɗan kaɗan, nesa da salansa da wayar fulogi, abin kashe gobara na kusa. Wanda bai saba ba ya fesa ruwa kawai, shi ma yana nunawa.

Wasu wurare biyu da ake mantawa. Bawul ɗin PCV da ke kan murfin inji, cire shi ka girgiza, in bai yi ƙara kamar tsakuwa a gwangwani ba ya toshe ko ya maƙale. Sai EGR, wanda ke mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, bai kamata ya buɗe a silo ba, in gawayi ya hana shi rufewa motar za ta yi ta rawa tana mutuwa a kowane janshin.

In kana da agogon auna jan iska, lafiyayyen inji a silo yana nuna tsakanin 17 da 21 kuma allurar a tsaye cak. In tana faɗuwa tana dawowa a kai a kai, bawul ne.

Ga wani sirri na masu 22R. A jikin kaburetar akwai wani ƙaramin famfo da ake kira AAP, yana ƙara mai lokacin da inji ke da sanyi. In robar cikinsa ta huje, fetur na bi ta tiyon iska kai tsaye ya shiga manifol, sai baƙin hayaƙi da rawa da shan mai kamar rijiya. Zare ɗan tiyon ka duba, in ka ga fetur a ciki ka kama ɓarawon. Robar kawai za a canza.

Da na taka burki a go-silo sai ta mutu, a Sofoline ta yi min haka jiya

Sannu Hajiya, na san tashin hankalin, ga masu trotro a baya suna ta hon. Babban abin zargi shi ne tulun burki, baƙin abin nan mai kama da tukunya da ke bayan feda. Da jan iskar inji yake aiki, in robar cikinsa ta fashe to duk taka burki iska ce kike turawa cikin inji. Alamarsa burkin ya yi tauri kuma ana jin huci a wajen ƙafa. A matse babban tiyon da ya tafi wurinsa da filaya mota na tsaye, in silo ya daidaita shi ke nan. Wannan kam kar a ce sai an samu kuɗi, maganar burki ce.

In ba shi ba ne, silon ya yi ƙasa da yawa, ya kamata ya zauna wajen 700 zuwa 850 in inji ya yi zafi, ko ƙaramin jet ɗin silo ya toshe da datti. Akwai kuma wani ɗan sulenoid a jikin kabureta mai waya ɗaya ko biyu, in an murɗa makulli ya kamata a ji ya yi "ƙyas". In bai yi ba, man silo ba zai wuce ba sam, mota sai ta yi ta mutuwa da an ɗaga ƙafa.

Tana tafiya lafiya, in ta yi zafi sai ta mutu, in na jira minti 20 sai ta tashi

Wannan ciwon ya fi kowanne wahalar da fita, don kafin a kawo ta gareji ta warke. Saboda haka kai direba kai ne za ka yi binciken a inda ta mutu, a cikin mintunan nan.

Abu uku za ka yi. Zare babbar wayar kwayil daga tsakiyar distirbuta, ka kusantar da bakinta jikin ƙarfen inji, riƙe da filaya mai roba ba da hannu ba, yaron mota ya buga sitata. In ba tartsatsi, kwayil ne ko ignita, zafi ke kashe su in sun huce su farfaɗo. In akwai wuta, leƙa ɗan gilashin da ke jikin kabureta, fetur ya kamata ya tsaya a tsakiyarsa. In wayam ne mai ba ya isowa, ko famfo ya gaji, ko filta ta toshe, ko tiyon mai ya matso kusa da salansa fetur ɗin ya tafasa ya zama tururi, famfo kuma ba ya iya tura tururi. Na uku, buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska "fuuu" kuma motar ta tashi nan take, hancin da tanki ke shaƙar iska ne ya toshe.

Tsatsar cikin tanki ma na yin irin wannan wasan, tana taruwa a bakin bututu mota ta mutu, in an tsaya ta koma ƙasa. In ka canza filta sati biyu ta sake cika da jan gari, sauke tankin a wanke, ba makawa.

In ina gangarowa daga tsaunin Mampong na saki totur sai ta yi ta "tas tas tas" a salansa

Yawanci salansa ce ta huje ko gasket ɗin manifol na hayaƙi ya ƙone, iska na shiga tana haɗuwa da ragowar mai. Nemi inda baƙin gawayi ya yi zane a jikin ƙarfe. In ƙaramar ƙara ce ba za ta kashe inji yau ba, amma hayaƙin da ke fita ta ɓarakar yana shiga inda kake zaune, kuma mugun cikinsa ba shi da wari, sai dai ka ji ciwon kai da barci a kan sitiyari. Kai ta wurin mai walda.

In kuma a hawan ne take tari tana atishawa da lodin doya, wannan ƙarancin mai ne, koma kan filta da famfo.

Ko man da na sha ne?

Yana yiwuwa ƙwarai, in ciwon ya fara jim kaɗan bayan ka sha mai. Ni kaina ya taɓa faruwa da ni a hanyar arewa bayan na wuce Kintampo, na sha mai a wani ƙaramin gidan mai da daddare, ban yi nisa ba motar ta fara shaƙewa, da gari ya waye na zare tiyo na tara a kwalba sai ga ruwa kwance a ƙasa fetur a sama. Gwajin ke nan, farar kwalba, ka bar ta ta zauna minti kaɗan. Ka kuma shinshina ko akwai warin kananzir, ka duba kala, don firimis na masunta shuɗi ne kuma an haɗa shi da man inji, ba na mota ba ne, yana kashe fulogi. Ka riƙa karɓar rasit, in ka tabbata an cuce ka hukumar NPA ce ke kula da ingancin mai a ƙasar nan, kana da inda za ka kai ƙara.

Lokacin hunturu kuma, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura na toshe filtar iska da wuri, mota ta riƙa baƙin hayaƙi. A kaɗe ta ko a canza. Amma kar a cire a yi ta yawo haka.

Yaran gareji na zuba fetur a bakin kabureta don ta tashi, akwai laifi?

Akwai babba. Ina roƙonku da girman Allah ku daina, musamman ga motar da aka san tana harbi ta gaba. Na ga yaro da idona ya sunkuya da gwangwanin fetur a hannu wani ya buga sitata, wuta ta taso ta cinye masa gira da gefen fuska, har yau tabon na nan, kuma yaron kirki ne mai ƙoƙari. In dole ne a zuba, ɗan cokali ɗaya, a ajiye gwangwanin can nesa, a mayar da murfin filtar iska, kowa ya janye fuskarsa sannan a buga. Murfin nan shi ke tare wutar. Abin kashe gobarar da kuke ajiyewa don 'yan sanda kawai, ku duba ko yana aiki.

Na mayar da ita gas, tun daga nan take harbi

Gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, saboda haka fulogi da wayar da suke lallaɓawa a fetur, a gas sai asirinsu ya tonu, kuma da yake manifol cike yake da gas harbin na da ƙarfi, yana iya fasa gidan filtar iska. Sa sababbin fulogi da wayoyi masu kyau, a ɗan rage tazarar bakin fulogi, a saita miksa wurin wanda ya iya. Sannan gas na sa bawul ya riƙa nutsewa cikin mazauninsa a tsofaffin injina, tazarar ta matse, don haka a riƙa saita bawul a kai a kai fiye da mai fetur.

Tawa injekta ce, ba ta da kabureta

Maganar wuta da iskar sata duk ɗaya ne. Ƙari a kai, a 22R-E duba babban tiyon da ya taso daga filtar iska zuwa inji, yana tsagewa ta ƙasa cikin lanƙwasar inda ido ba ya gani. A wanke bakin totur da bawul ɗin silo. Famfonsu na lantarki ne a cikin tanki, in ka murɗa makulli ko ka buga sitata za ka iya jin kukansa, kuma yawan tafiya da tanki wayam na kashe shi don fetur ne ke sanyaya shi. Tsohuwar Toyota ba ta buƙatar kwamfuta, a ɗan akwatin gwajin da ke cikin bonet ana haɗa TE1 da E1 da guntun waya, a murɗa makulli, fitilar cek ta riƙa ƙiftawa a ƙirga, lambar za ta nuna wurin da za a duba.

Dizal fa, irin 3L da 5L da TD27 da 4D56?

Su ba su da fulogin wuta, harbi irin na fetur ba nasu ba ne. In dizal na mutuwa ko rawa, fara zargin iska a layin mai. Danna ɗan famfon hannu da ke kan filta, in bai yi tauri ba iska na shiga. Kwance ƙasan filtar a zubar da ruwan da ya taru. Wuyar tashi da safe da farin hayaƙi, hita ne, wato fulogin da ke ɗumama silinda kafin a tada inji. Kar a bari kowa ya buɗe injekta famfo a gindin bishiya, akwai masu injin gwaji a Magazin, aikinsu ke nan. 3L da 5L da 4D56 bel ne ke ja musu taimin, ana canzawa wajen kilomita 100,000, in ya tsinke bawul da fistin za su gaisa. TD27 giya ce, ba ruwansa da wannan.

An canza komai Masta, har yanzu tana yi

To yanzu a auna matsi. A 22R lafiyayye yana kai wajen 170 a agogon, in ya sauka ƙasa da 140 ya gaji, kuma bai kamata silinda ɗaya ta yi nisa da 'yan uwanta ba. In ɗaya ta yi ƙasa, zuba ɗan baƙin mai ta ramin fulogi a sake aunawa. Ta tashi, ringi ne. Ba ta motsa ba, bawul ne. Biyu maƙwabta suka faɗi tare, gasket ɗin kan inji ya ƙone a tsakaninsu.

Kafin a ce a sauke kan inji, a saita bawul tukuna, sau da yawa matsewa kawai ya yi. A 22R da zafinsa ake yi, na shiga milimita 0.20, na fita 0.30. Kuma in kana jin "caka caka" a gaban injin da safe daidai lokacin da ta tashi, sarƙar taimin ce ta saki. Injinan 22R na baya-baya robar da ke riƙe sarƙar tana karyewa, sarƙar ta yi ta cin murfin gaba har ta huda hanyar ruwa, ruwan lagireto ya gauraya da baƙin mai. In ta tsallake haƙori kuma, duk saitin da za a yi wa distirbuta motar ba za ta daina harbi ba.

Sabon kaya zan saya ko hom yus?

Fulogi, waya, filta, tiyo, gasket, bel, waɗannan sabo kawai, kuma a kula da jabu, don kwalin NGK da Denso na ƙarya sun cika kasuwa, daga nan har Abossey Okai a Accra. Distirbuta, ignita, kabureta, mitar iska, su kam na fi yarda da asalin hom yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, a kan sabon da ba a san inda aka ƙera shi ba. Ka je da tsohon naka a hannu a gwada lamba da lamba, ka kuma yi magana da mai shagon tun kafin ka biya cewa in bai yi ba za ka dawo da shi. In da hali ka tafi da fitanka, a ɗaura a tada motar a wurin kafin ku bar layin.